Shadda, atamfa, saƙi da alawayyo: me sunayen yadi ke nufi, kuma yaya ake yin su?

Wani matashi daga Garwa, wanda kawunsa ya zaunar a rumfar yadi cikin babbar kasuwa, ya aiko da wannan tambaya: "Baba, sunayen kayan nan sun rikita ni. Wannan shadda, wancan ma shadda, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗaya sau goma. Mata su zo su ce Holan, sufa, fansi, boyel. Tsofaffi su zo neman saƙi ko alawayyo, in yi tsuru-tsuru. Mene ne bambancinsu, kuma yaya ake yin su tun daga auduga?"

Ɗana, Allah ya yi wa nema albarka. Abin da ya rikita ka shi ne ba a kan abu ɗaya aka raɗa waɗannan sunaye ba. Wani sunan yana faɗa maka abin da aka yi zaren da shi ne, kamar auduga, siliki, ulu ko roba. Wani yana faɗin irin saƙar, kamar shadda, boyel da karan-miski. Wani yana faɗin yadda launi ya shiga jikin yadin, kamar atamfa, galila da turkuɗi. Wani kuwa sunan ƙasa ne ko na kamfani kawai, kamar Holan, Gezna da Kodebuwa. Bakin kasuwa ya cakuɗa su wuri ɗaya. Saboda haka duk ƙyallen da aka miƙo maka, ka fara da zarensa, ka duba saƙarsa, ka ga yadda aka sa masa launi, sannan ka tambayi wanda ya yi shi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita masu saye suka fi yi, kuma a nan aka fi cutar su, domin tambari da takardar da aka manna kowa na iya bugawa. Zare da saƙa kuwa ba su iya ɓoye kansu ga hannun da ya saba.

Mu fara daga gona, tunda kai a tsakiyar ƙasar auduga kake zaune. Ana shuka da saukar damina, wajen watan Yuni, a fara tsinka da hannu in kaka ta yi. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa ke nan Garwa, shi ke saye daga manoma ya kai injinan gurza da ke Garwa, Marwa, Gidar, Kayele, Tuboro da wasu garuruwa. Gurza ita ce raba auduga da 'ya'yanta, wato angurya. In aka gurza kilo 100, abin da ke fita na tsantsar auduga kusan kilo 40 ne ko ya ɗan ɗara. Yawancin sauran angurya ce, wadda ake matsewa a fitar da man girki irin Diamaor, tunkuzar kuma a ba dabbobi. A Cadi aikin nan yana hannun Cotontchad, wanda aka kafa a 1971, cibiyarsa a Mundu. Abin da masana ke fara dubawa a jikin auduga shi ne tsawon silinta. Tamu tana kaiwa milimita 28 zuwa 30, tsawo ne mai kyau, kuma tsinkar hannu na sa ta fito da tsabta. Akwai irin audugar Masar da ta wuce milimita 33. Gwargwadon tsawon sili, gwargwadon siririn zaren da za a iya kaɗawa ba tare da ya tsinke ba, kuma daga nan tsadar yadi take farowa tun kafin a zo maganar ado.

Kafin inji, duk wannan aikin mata ne a tsakar gida, kuma sunayen da tsofaffi ke zuwa maka da su daga nan suka samo asali. Mace za ta ɗora auduga a kan magurji, ta murza ɗan siririn ƙarfe a kai har angurya ta fice. Sai shiɓa: ta riƙa kaɗa tsirkiyar bakan shiɓa cikin audugar har ta tashi ta yi laushi, ba dunƙule. Sai kaɗi da mazari, mai gululun yumɓu a gindinsa don ya yi nauyin juyawa, tana dangwalar alli da yatsu saboda kada zaren ya zame mata. A nan akwai abu biyu da ya wajaba ka riƙe, domin har a masaƙar zamani suna nan. Akwai zare, wanda aka murɗe sosai, siriri mai ƙarfi, shi ake shimfiɗawa a tsaye. Akwai abawa, mai kauri da sakwa-sakwa, ita ke ratsawa a kwance. Na tsaye shi ke shan ja da gogayya, dole ya yi ƙarfi. Ta kwance ita ke cika jikin tufa ta ba shi taushi da ɗumi. Duk wani saƙaƙƙen yadi da ke rumfar kawunka, daga alawayyo har Gezna, haɗuwar waɗannan biyu ne.

Shimfiɗa zaren tsaye shi ne wadari. Masaƙi zai kafa turaku, ya riƙa kai da komo da zare har ya sami tsawo da yawan silin da yake so. Sai ya zura su cikin allera, ya ɗaure ƙarshen a kan kunkuru, wato katakon nan da ake ɗora wa dutse yana jan zaren daga nesa. In ya taka da ƙafa ɗaya rabin zaren ya ɗaga, ya jefa ƙoshiya mai ɗauke da kwarkwaron abawa ta ratsa, ya buga da matsefin saƙa, ya taka ɗaya ƙafar. Abin da ke fitowa ƙwarya ce, doguwa marar faɗi, daga faɗin yatsa ɗaya zuwa tafin hannu, sai an jera an ɗinke kafin ta zama zane ko riga. Fulani na ce mata leppol, a Barno da Cadi kuma gabaga ko gabak, kuma a da kuɗi ce sosai, da ita ake saye da sayarwa a kasuwa. Wasu ƙabilun duwatsunmu, irin su Fali da Dowayo, sun riƙe ta wajen biyan dukiyar aure da naɗe mamaci, shi ya sa saƙar hannu ba ta mutu ba a ƙauyukan arewa. Mata kuma suna da tasu masaƙar ta tsaye, mai faɗi, wadda suke saƙa gwado da majanyin goyo a kanta.

Yanzu sunayen tsofaffi za su zauna maka. Fari shi ne saƙar da ba a rina ba. Saƙi kuwa haɗin zaren da aka rina da baba ne da farin zare, a saƙa su ƙanana-ƙanana har ya fito da zanen jikin zabuwa, kuma rigar saƙi mai aska takwas tufar manya ce. Tsamiya siliki ne na daji, daga gidan wata tsutsa da ke yin saƙarta a kan itatuwa irin su tsamiya, launinsa ƙasa-ƙasa mai haske, ba ya ƙyalli amma yana da ƙarko da daraja. Alharini jan siliki ne da fatake ke kawowa ta hamada daga Tarabulus, da shi ake ratsin barage. Luru babban bargo ne mai ratsin fari da shuɗi. Turkuɗi ƙwarya ce siririya ƙwarai da ake yi a ƙasar Kano, a rina ta har ta yi baƙi, a buge ta da shuni sai ta ɗauki ƙyalli, Buzaye su saya su yi rawani. Garin Kura ya yi suna a kanta, shi ya sa ake cewa rawani ɗan Kura. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu. A shekarar nan ce ya ƙetare Binuwai ya isa Yola.

Aikin inji bai canza tsarin ba, sauri da daidaito ya ƙara. In dilar auduga ta shiga masaƙa, ana warware ta a kaɗe ƙura da tarkace, inji ya yi shiɓa da dubban ƙananan haƙoran ƙarfe, a ja ta ta zama igiya mai taushi, a yi ta ja ana siranta ta har a murɗe ta zare. Zaren da ake son ya yi kyau na musamman akan ƙara masa mataki ɗaya, a taje shi a fitar da gajerun sili duka, dogaye su rage. Tatajjen zare ya fi santsi, ba ya yin gashi-gashi bayan wanki, kuma ya fi tsada domin an zubar da wani kaso na audugar. Zare yana da lamba, kuma a lissafin da aka fi amfani da shi ga auduga, in lambar ta hau zaren ya ƙara siranta. Daga nan sai wadari, sai a shafa wa zaren tsaye sitaci don ya jure gogayya, sai saƙa. Yadin da ya sauko daga inji bai sha wanki ba, launinsa fari mai duhu da ɗigon ɓawon angurya a jiki, shi ne akoko. In aka babbake gashin jikinsa da harshen wuta, aka wanke sitacin, aka dafa shi, aka sa masa maganin fari, ya zama farin yadi irin alawayyo, wanda za a riƙa zuwa nema wurinka don likkafani da shafin riga. Kada alawayyo ya yanke a rumfa, kuma kada ka tsawwala wa wanda ya zo sayensa da jajayen idanu.

Wannan aikin an daɗe ana yinsa a garinku. Kamfanin Cicam, wanda aka kafa a 1965, masaƙarsa ta kaɗi da saƙa tana Garwa, sai a ɗauki akokon a kai Duwala a yi masa rini da bugun zane. Shi ya saba buga atamfar ranar mata ta 8 ga Maris. A Cadi ma an yi masaƙa a garin Sar. Abin da ke ci mini rai shi ne, a shekarun baya-bayan nan Kamaru kan noma auduga fiye da tan 300,000 a shekara, amma abin da ake kaɗawa a gida bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran a dila yake fita ta tashar jirgin ruwa zuwa ƙasashen Asiya, mu kuma mu sayi yadi daga can. Najeriya ta riga mu ganin wannan: masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL, ita ma a Kaduna, ta rufe a 2007, ma'aikata dubbai suka koma gida. Matsalar wuta, tsofaffin injuna da kayan fasa-ƙwauri masu araha ne suka taru suka karya su.

Saƙa iri uku ce a tushe. Ta farko sili ɗaya sama ɗaya ƙasa, ita ce ta alawayyo, atamfa da boyel, kuma ta fi kowace riƙe kanta. Ta biyu ita ce mai layi a karkace, wadda kake gani a jikin kaki da wandon jins. Ta uku ita ce mai santsi, inda sili ɗaya ke tsallake huɗu ko fiye kafin ya nutse, sai fuskar yadin ta kwanta ta riƙa ɗaukar haske. Singileti da safa ba sa cikin wannan lissafi, su zare ɗaya ne ake sarƙafawa madauki cikin madauki, shi ya sa suke miƙewa.

A nan shadda take, wadda masu Faransanci ke kira bazan, kuma a nan nake so ka natsu. Furen da ke jikin shadda ba bugawa aka yi ba, saƙa shi aka yi. A wani wuri zaren tsaye ne a sama, a wani wurin na kwance ne a sama, duka da saƙa mai santsi. Da yake haske ba iri ɗaya yake faɗa musu ba, sai fure ya fito alhali zaren launi ɗaya ne. Juya ta baya, za ka ga wurin da ke ƙyalli ya dushe, wanda ya dushe ya ɗauki ƙyalli. Injin da ke iya ɗaga kowane sili shi kaɗai don a fitar da irin wannan zane, wani mutumin birnin Liyon na Faransa mai suna Jacquard ne ya daidaita shi a 1804, kuma har yau da sunansa ake kiran injin.

To me ya raba shadda da shadda har ninki goma? Na farko zaren. Babbar shadda ana yin ta da tatajjen zare siriri na auduga mai dogon sili, a cusa sili da yawa a ɗan ƙaramin wuri, sai ta yi nauyi a hannu ba tare da ta yi kauri ba. Na biyu, ana jiƙa ta cikin ruwan soda mai ƙarfi tana a ɗaure tam, dabarar da wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya fara gano tushenta a 1844. Wannan na sa silin auduga ya kumbura ya zama mulmulalle, ya ƙara ƙarfi, ya sha rini sosai, ya kuma sami ƙyallin da ke cikin jikinsa wanda wanki ba ya ɗaukewa. Na uku, a bi ta tsakanin manyan ƙarafa masu zafi da nauyi su danne fuskarta. Gezna, wadda kamfanin Getzner ke yi a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, kamfanin da ya faro tun 1818, ta yi suna ne a kan waɗannan. Ƙaramar shadda kuwa zarenta ya fi kauri, saƙar sakwa-sakwa ce, sau da yawa an gauraya da roba, sannan a cika ramukan da sitaci da danƙo a goge. A cikin leda tana iya fin babbar ɗaukar ido. Ranar da ta shiga ruwa ake rabuwa. Araha ba ta ado, in ji mutanen da, amma ni ban hana ka sayar da ita ba, domin ba kowa ke da kuɗin babba ba kuma yara na bukatar kayan salla. Abin da na hana ka shi ne ka kira ta da sunan da ba nata ba.

Ga yadda za ka gwada. Kama kusurwar shaddar ka murje ta tsakanin yatsu da ƙarfi, sannan ka kaɗa a kan baƙin ƙyalle. In farin gari ya zubo kuma wurin ya yi laushi ya dushe, sitaci ne ke riƙe da ita. Ɗaga ta ka duba ta wajen hasken ƙofa: matsattsiyar saƙa ba ta barin haske ya ratsa sai kaɗan, sakwa-sakwa kuwa za ka ga ƙananan tagogi a jere. Sannan ka zare sili biyu a bakin yadin, ɗaya na tsaye ɗaya na kwance, domin akan sa auduga a ɗaya a sa roba a ɗayan. Kusantar da kowanne ga ashana. Auduga na kamawa nan da nan, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke watsewa in ka hura. Roba tana tsukewa ta guje wa wutar, ta narke, ta bar ɗan baƙin ƙulli mai tauri da ba ya murjewa. Ulu da siliki na gaske suna warin ƙonannen gashi, ƙullinsu kuma yana farfashewa a yatsa. Ka yi wannan a bayan rumfa, nesa da kaya, da ruwa a kusa.

Galila shadda ce fara da aka ɗaure, ko aka ɗinke, ko aka ɗiga wa kaki, sannan aka rina, wuraren da aka kare su ƙi shan launi. Matan Bamako sun shahara da wannan aiki. Bayan rini sai a jiƙa ta da ruwan ƙaro, a shanya, a kai wa mabuga su ɗora a kan gungume su yi ta dukanta da manyan sandunan bugu har ta yi ƙyalli tana ƙara in an motsa. Ƙaron nan kuwa Cadi na cikin manyan ƙasashen da ke fitar da shi a duniya, bayan Sudan.

Atamfa kuma akasin shadda ce: saƙarta mai sauƙi ce, duk aikin yana wajen launi. Asalin dabarar daga tsibirin Jaba na Indunusiya take, inda ake zana kaki a kan yadi da hannu kafin a rina. Turawan Holan suka mayar da ita aikin inji a ƙarni na 19, kasuwarta ta kama a Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda ya faro a 1846, shi ne mai Holan. A atamfar wakis ta gaske, ƙarafa biyu masu zane suna buga narkakken danƙo a fuska biyu na yadin, a tsoma shi a rini, galibi shuɗin baba, inda danƙo ya rufe ya ƙi sha. Sai a karya danƙon a wanke wani sashe, a bi da sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa take da siraran jijiyoyi inda rini ya bi tsagar danƙo, da ɗige-ɗigen fari, kuma launi kan ɗan zarce layinsa. Alamar da ta fi kowace ita ce ciki da waje kusan ɗaya ne. Sufa ita ce wadda yadinta ya fi laushi da matsi, aka kuma ƙara mata aikin launi. Kodebuwa ta kamfanin Uniwax ce a Abijan. Ingila ita ce ta kamfanin ABC, wadda aka daɗe ana yi kusa da Manchesta kafin a mayar da aikin Gana.

Fansi ba ta bi ta danƙo ba. Launi ake bugawa kai-tsaye a fuska ɗaya, don haka bayanta ya fi dushewa. Ba aibi ba ne. Fansin auduga tsantsa tana shan gumi, tana jure wanki, kuma a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ta fi wa mace daɗin jiki nesa ba kusa ba a kan atamfar roba mai ƙyalli, wadda ke riƙe zafi kamar an shiga leda. Inda matsala take shi ne kwaikwayo. Masana'antun Sin sun ƙware har suna buga jijiyoyin nan na ƙarya, su sa launi ya ratsa baya, su kwafi rubutun gefen zane da lambarsa. Kama da wane ba ta wane. Hanyar da nake bi ita ce in buɗe atamfar in sami fure ɗaya, in bi shi zuwa inda ya sake maimaituwa, in kwatanta jijiyoyin da ke kewaye da su. A ta gaske ba za su taɓa zama iri ɗaya sak ba, domin danƙo ba ya karyewa sau biyu a hanya ɗaya. In ka ga tsaga ɗaya tana dawowa a wuri ɗaya kowane taƙi, zana ta aka yi.

Sauran ba su da wuyar ganewa. Yawancin abin da muke kira leshi aikin surfani ne na inji a kan wani yadi, boyel ko raga, wani a huda shi, wani kuma a narkar da yadin ƙasan da magani zaren adon kaɗai ya rage. Garin Lustenau na Ostiriya da Sangalan ta Suwizalan su suka yi suna a kansa, yanzu kuma Sin da Koriya sun cika kasuwa. Boyel saƙa ce mai sauƙi da siririn zare mai yawan murɗi, shi ya sa yake shara-shara amma bai yi laɓo-laɓo ba. Lafaya, wadda matan Kusiri da Injamena da Barno ke naɗawa, sunan tufa ne ba na yadi ba: mita huɗu zuwa biyar na kowane yadi marar nauyi, na auduga ko na roba. Karan-miski yana da ƙarin zare da aka yanke ya tsaya kamar gashi. Mulufi jan yadin ulu ne na alkyabba da kayan doki. Abin da maza ke kira yadi kawai, na kaftani, yawancinsa haɗin roba ne da auduga ko da wani zare da ake yi daga ɓargon itace. Tetoron ma sunan zaren roba ne na kamfanonin Japan.

Ba zan tsallake marina ba, domin Garwa na da tarihi a nan da yawancin samarinta ba su sani ba. A karofi, ana zuba ruwan toka da katsi da curin baba cikin rijiyar rini, a riƙa motsawa da muciya kwanaki har ta nuna, kumfa mai ruwan tagulla ta taso. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa sai rijiyar ta ruɓa ta canza shi. Saboda haka in marini ya ɗago zane za ka gan shi kore-kore, sai ya sha iska a gabanka ya juye shuɗi. Ba daɗewa a ciki ke sa duhu ba, yawan tsomawa da shan iska ne. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin inji a 1897, sai ga rinin kanti na soda mai cin hannu, karofi ya yi ta raguwa. Amma zanen ndop, shuɗi mai farin zane da sarakunan Bamileke da Bamun ke alfahari da shi, ya daɗe yana bi ta hannun marinan Garwa. A arewa ake kaɗa audugar a saƙa ƙwarya, a kai yankin Banjun da ke kudu mata su ɗinke zanen da zaren tukurwa, a dawo da shi Garwa a rina, a sake mayar da shi kudu a warware ɗinkin a sayar. Zane ɗaya, tafiyar ɗaruruwan kilomita sau uku. Tun farko ma fatake Hausawa na cikin masu kai irin wannan zane daga Wukari zuwa can.

Saura awo, kuma a nan sabon ɗan rumfa ya fi yin asara, musamman mu da ke tsakanin ƙasashe biyu masu awo daban. Kayan da aka saro daga Kantin Kwari ko Mubi da yadi aka auna su, mai saye a Garwa kuwa da mita ya saba. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗan ɗori, wato mita ta fi shi da kusan santimita 9. In ka sari yadi 10 ka ɗauka mita 10 ce, ka yi asarar kusan mita guda, kuma a bandir ɗaya wannan ya isa ya cinye ribar. Turmin atamfa yadi 6 ne, kusan mita 5 da rabi, wanda ake raba shi falle uku, kowane falle yadi 2. Daga masana'anta sau da yawa yadi 12 yake zuwa a raba biyu. Ka riƙa buɗe turmi kana aunawa lokaci-lokaci, domin akwai masu zuwa da gibi. Ka kuma lura da faɗi: atamfa ba ta cika wuce santimita 120 ba, babbar shadda kuwa takan kai 160, don haka mita biyar na mai faɗi ta fi mita biyar na marar faɗi nisa a hannun tela. Tsofaffi za su ce maka kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ko gaba, wato buɗe hannu biyu. Ka karɓa musu da ladabi, amma ka auna da sanda a gabansu. Wanda ya sayi akoko ko wani yadin auduga da bai sha ruwa ba, ka gaya masa ya jiƙa shi ya shanya kafin ya kai wa tela, domin zai tsuke, kuma ka ƙara masa ɗan taƙi a kan abin da telan ya faɗa.